Tsuntsun da bai iya tsoro ba

Ka san irin bidiyon nan da ke yawo a TikTok da Facebook. Mutum na zaune a gindin bishiya, sai ga ɗan tsuntsu ya sauko ya tsaya daf da ƙafarsa, wani lokacin ma har ya hau tafin hannunsa. Kafin ka ce kwabo layik ya cika, kwament kuwa ba a magana. Wannan ya ce ai mai tsarkin zuciya ne, wancan ya ce baiwa ce, wani can kuma ya ce a dai bincika, ruwa ba ya tsami banza.

To yau zan kai ka inda ba ka buƙatar baiwa ko laƙani kafin tsuntsu ya tunkaro ka. Ko da kai ne sarkin harbi da danƙo na unguwarku lokacin ƙuruciya, zai zo. Zai sauko ƙasa ya tsaya 'yan taku kaɗan daga inda kake, ya karkata kai yana kallon ka kamar ya ga baƙon da ya yi ɓatan hanya. Wannan halin nasa, da zai sa bidiyonka ya yi tashe, yana cikin manyan abubuwan da suka kai jinsinsa bakin kabari. Waɗanda suka rage a duk faɗin duniya 'yan ɗaruruwa ne kawai. Wallahi akwai ajin 'yan shekarar farko a jami'o'inmu da ya fi su yawa.

Mutanen wurin suna kiransa tordo, da harshen Fotugal. Masana kuma sun raɗa masa Turdus xanthorhynchus, ma'ana tordo mai rawayan baki. Gidansa tsibirin Principe, kuma in ba can ba babu inda za ka same shi.

Ina ne ma Principe ɗin?

Buɗe taswirar wayarka. Ɗora yatsa a kan Kaduna, ka ja shi kudu sak, ka ratsa Abuja, ka faɗa teku ta wajen Fatakwal. Ci gaba da gangarawa kamar kilomita 300 da wani abu, za ka ga wani ɗan ɗigo kore, sai ka zuƙo hoton sosai ma kafin sunansa ya fito. Shi ne Principe, ƙaramin tsibiri daga cikin biyun da suka haɗu suka zama ƙasar Sao Tome da Principe. Wato daga gaɓar tekun Najeriya zuwa can bai kai nisan Kano zuwa Abuja ba, amma tambayi abokanka goma ka ga ko mutum biyu sun taɓa jin sunansa.

Tsawonsa kamar kilomita 17 ne, faɗinsa wajen 8. Ƙidayar 2012 ta samu mutum dubu 7 da 'yan kai a cikinsa, yawancinsu a arewacin tsibirin, inda babban garinsu Santo Antonio yake. Dutse mai aman wuta ne ya haife shi daga ƙarƙashin teku kimanin shekara miliyan 31 da suka wuce. Kuma ba shi kaɗai ba ne, layi ne guda na irin waɗannan duwatsu: ya taso daga tsibirin Annobon, ya bi ta Sao Tome da Principe da Bioko, ya hau tudu a Dutsen Kamaru, ya miƙe har tsaunukan wajen Ngaoundere da tudun Biu a jihar Borno. Idan kai ɗan Biu ne, to duwatsun bayan gidanku da tsibirin nan 'yan gida ɗaya ne.

Abu ɗaya nake so ka riƙe, domin duk labarin a kansa ya rataya. Principe bai taɓa haɗuwa da babban yankin Afirka ba. Bioko ya taɓa haɗuwa, lokacin da ruwan teku ya ja baya dubban shekaru da suka wuce, shi ya sa birai da sauran namun daji suka taka da ƙafarsu suka shiga. Principe kuwa teku mai zurfi ne ya kewaye shi tun ranar farko. Duk mai ran da ka gani a can kafin zuwan ɗan Adam, ko dai fuka-fuki ne suka kai shi, ko iska, ko kuma ya hau tarkacen itatuwa da ciyayi ya yi ta yawo a kan ruwa. Masana na ganin ta haka kwaɗin tsibirin suka isa, a kan tarkacen da manyan koguna irin su Kongo da Neja ke amayarwa cikin teku lokacin ambaliya. Kwaɗo zai iya wannan tafiyar in ya yi sa'a. Damisa ba za ta iya ba. Haka biri, haka muzuru. Dabbobi masu shayarwa da tsibirin ya mallaka na asali su ne jemagu da wata 'yar jaɓa, shi ke nan.

Kudancin tsibirin shi ne gidan tordo. Wuri ne na duwatsu masu tsini da kwazazzabai, mafi tsawonsu ya kusa mita 950. Ruwan sama a can yakan kai wajen milimita 5,000 a shekara, alhali na Kano ba ya cika wuce 1,000. Daji ne mai duhu, ƙasarsa kullum a jiƙe, ganye ya ruɓe a kan ganye, kuma babu hanyar mota da ta ratsa shi. Ko ka shiga kwalekwale ka zagaya ta teku, ko ka ɗaura takalmi ka hau dutse.

Kamanninsa

Kar ka sa ran wani ado irin na ɗawisu. Tsawonsa wajen santimita 24 ne, kusan girman kurciya. Bayansa ruwan ƙasa ne mai duhu da ɗan sirkin kore, ƙirjinsa da cikinsa kuma fari-fari da zane baƙi-baƙi a jere kamar ɓawon jikin kifi. Inda ya yi kwalliya shi ne baki, rawaya shar, mai ɗan kauri. Ƙafafunsa ma rawaya ne amma ba su kai bakin haske ba, sannan akwai siririn zobe rawaya da ya zagaye idonsa kamar an sa masa kwalli.

Yawancin harkarsa a ƙasa yake yi. Zai yi tsalle biyu uku, ya tsaya cik, ya sa baki ya watsar da ruɓaɓɓen ganye, ya tsinci ƙwaro ko tsutsa. Yana kuma cin 'ya'yan itace. Kukansa ma abin saurare ne. Lokacin da masu bincike suka fara naɗar muryarsa, sun ji yana wani kira mai kauri can ƙasa-ƙasa, irin wanda ba a taɓa naɗa ba daga bakin wani tsuntsu na zuriyar Turdus, zuriyar da ke da jinsi fiye da 60 a nahiyoyin duniya.

Yadda tsoro ke zubewa

Bahaushe ya ce tsoro na daji, kunya na gida. Ga ɗan daji kuma babu tsoro. Ta yaya?

Ka yi tunanin tsoro kamar data ne, yana da amfani amma ana biyan kuɗinsa. Tsuntsun da ke tashi firgigit duk lokacin da ganye ya motsa yana ƙona ƙarfinsa a banza, yana barin abincin da ya samu, yana barin ƙwansa ya huce. A dajin da akwai muzuru da maciji da yaro mai danƙo, wannan kuɗin ya cancanci a biya, domin wanda bai biya ba ba ya kai labari, balle ya bar 'ya'ya. Amma ɗauki wannan tsuntsun ka ajiye shi a tsibirin da babu mai farautarsa a ƙasa. Yanzu lissafi ya juya. Matsoraci na can yana ta tashi yana sauka, shi kuwa mai sanyin jiki yana nan yana cika cikinsa, yana ciyar da 'ya'yansa. Bayan zuriya dubu bisa dubu, jikokin mai sanyin jikin ne za su cika dajin. Ba wai sun yi shawara sun ajiye tsoro ba ne, a'a, masu tsoron ne suka yi ta raguwa a hankali har halin ya dushe.

Ba a Principe kaɗai aka ga haka ba. Charles Darwin ya tarar da irinsa a tsibiran Galapagos a 1835, inda ya ba da labarin yadda ya ture wani shaho daga kan reshe da bakin bindigarsa, shahon na zaune yana kallon sa. Haka ma tsuntsun nan dodo na tsibirin Moris, wanda Turawa ke buga misalin wauta da shi. Jiragen Holan sun isa tsibirin a 1598, kuma ganin ƙarshe da aka fi yarda da shi na dodo a 1662 ne. Shekara 64 kacal. Ni dai ban yarda da kiransa wawa ba. Wanda bai taɓa ganin wuƙa ba, ba za ka zarge shi don bai kauce mata ba.

Matsalar ita ce halin da aka ɗauki dubban shekaru ana zubarwa ba ya dawowa cikin ɗari biyu ko uku, musamman idan waɗanda suka rage ba su da yawa. Kafin zuriya ta koyi gudu, an cinye ta.

Sai ga jiragen ruwa

Turawan Fotugal sun iso Principe a farkon shekarun 1470, suka tarar babu kowa. Wajen 1500 aka fara zama, aka kawo bayi daga gaɓar Afirka, aka sare daji aka shuka rake. Sunan tsibirin ma daga nan ya samo asali. Principe na nufin yarima, saboda harajin sukarin da ake yi a can na yariman Fotugal ne. A farkon ƙarni na 19 aka kawo koko daga Birazil, kuma zuwa farkon ƙarni na 20 waɗannan tsibirai biyu suna sahun gaba a duniya wajen noman koko, a kan gumin leburorin da aka kwaso daga Angola da Kef Bade da Mozambik cikin yanayin da bai da maraba da bauta.

A ɗaya daga cikin waɗannan gonakin koko, mai suna Sundy, masanin taurarin Ingila Arthur Eddington ya kafa na'urorinsa ranar 29 ga Mayun 1919 ya ɗauki hoton kusufin rana, hotunan da suka taimaka wajen tabbatar da ka'idar Albert Einstein cewa nauyin rana yana lanƙwasa hasken taurari. In an taɓa ambata maka Principe a aji, to da wuya in ba a wannan darasin ba ne.

Kafin nan da 'yan shekaru an yi wani yaƙin a tsibirin, tsakanin 1911 da 1914, da ƙudan tsando mai kawo cutar barci, wadda ke kashe leburori ba ƙaƙƙautawa. An sare dazuzzuka, an busar da fadamu, an karkashe aladun daji da ƙudan ke shan jininsu. Har baƙin ƙyalle aka riƙa shafa wa danƙo ana ɗaura wa ma'aikata a baya, su yi ta zagaya daji ƙuda na mannewa. An ci nasara, an kawar da ƙudan. Amma tsakanin rake da koko da wannan yaƙi, dajin asali ya ƙare a duk inda gatari zai iya kaiwa cikin sauƙi. Abin da ya tsira shi ne na kudu, wanda duwatsu da ruwan sama suka tsare.

Kuma jiragen ba mutane kaɗai suka sauke ba. Ɓeraye sun sauko ta igiya. An kawo kuliyoyi da karnuka da aladu. An kawo tunkun jibda. An kuma kawo biri.

Shekara kusan 70 babu labari

Wani Ba'italiye mai tattara halittu, Leonardo Fea, shi ya fara kai samfurin tsuntsun Turai, kuma a 1901 masanin tsuntsaye Tommaso Salvadori ya bayyana shi a matsayin sabon jinsi. A 1928 wani mai suna Jose Correia ya sake samo wasu ya aika gidan tarihin halittu na birnin New York. Daga nan sai shiru. Aka yi yaƙin duniya na biyu, ƙasar ta samu 'yancin kai a 1975, masana suka yi ta zuwa suna komawa, babu wanda ya sake rubuta cewa ya gan shi. Sai a shekarun 1990 aka sake yin ido biyu da shi a cikin dajin kudu.

A nan akwai wani abu da ya fi ba ni haushi a duk labarin, kuma ba da bindiga aka yi shi ba, da biro aka yi. A tsibirin Sao Tome, mai nisan kusan kilomita 150, akwai wani tordo ɗan'uwansa. Shi wancan bakinsa duhu ne, ƙafafunsa duhu, ya kuma ɗan fi girma. Yana da yawa, yana rayuwa a gonakin koko da duk inda akwai inuwar bishiya. Bayan zamanin Salvadori sai masana suka haɗe su biyun a takarda suka ce jinsi ɗaya ne, na Principe reshe ne kawai. Ka ga abin da hakan ke nufi? Duk lokacin da aka zo lissafin tsuntsayen da ke cikin haɗari, sai a duba a ga ai wannan jinsin na nan da yawa a Sao Tome, a wuce. Kamar a haɗa kuɗin asusunka da na wani attajirin kawunka a raba biyu, a ce ai ba ka buƙatar tallafi.

Abin ya canza ne bayan wasu masu bincike, cikinsu har da Martim Melo ɗan Fotugal da Martin Dallimer, sun shiga dajin takanas domin nemansa. Ƙidayar da aka yi a 2007 ta ƙiyasta kimanin tsuntsaye 364. A 2010 suka wallafa sakamakon da ya haɗa awon jiki da launi da kuka da ƙwayoyin gado, wanda ya nuna cewa waɗannan biyun sun daɗe da rabuwa, kowa jinsin kansa ne. Shekara guda bayan haka tordo na Principe ya shiga jerin ƙungiyar IUCN ta kare halittu a mataki mafi muni ga abin da ke raye a daji, matakin da daga shi sai ɓacewa. An yi lissafin cewa manyan da suka isa haihuwa ba su kai 250 ba. Tsuntsun bai canza ba, dajin bai canza ba. Suna kawai aka mayar masa, sai ga shi an fara neman kuɗin kula da shi.

Masu binciken sun lura da wani abu kuma. Ya fi yawa a can cikin lungunan da ƙafar mutum ba ta cika kaiwa ba, musamman a kan tudu, yana kuma raguwa ko ya ɓace gaba ɗaya a wuraren da mutane ke yawan bi, ko da dajin wurin na da kyau. Su wa ke shiga? Mafarauta, da masu tsintar wani ƙaton dodon koɗi na dajin wanda ake ci, da masu hawa bishiya su kwaso 'ya'yan aku daga kogo. Babu wanda ya baro gida don tordo a cikinsu. Amma ka yi kwana uku a daji, guzuri ya yi ƙasa, sai ga nama ya tako da ƙafarsa ya tsaya a gabanka. Sabo da kaza dai ba ya hana a yanka ta. Kuma jinsin da bai wuce 'yan ɗaruruwa ba, ko ɗaya-ɗaya ake ɗauka sai an ji a jika.

Biri ya yi kama da mutum

An daɗe ana zargin ɓera da tunkun jibda da kuliyoyin da suka koma daji. Amma akwai wani da ke yawo a saman bishiya a bainar jama'a, wato birin mona. Asalinsa dazuzzukan Afirka ta Yamma ne, daga Gana zuwa Kamaru, har da kudancin Najeriya. Jiragen zamanin cinikin bayi ne suka yaɗa shi, har ya tsallaka Tekun Atlantika ya kafa zuriya a tsibirin Grenada. A Principe ya samu aljannar duniya, ga 'ya'yan itace, ga babu damisa, ga babu gaggafar da ke ɗaukar biri. Sai ya yi ta hayayyafa.

Ma'aikatan wata ƙungiyar tsibirin mai suna Fundação Príncipe, tare da abokan aikinsu na Fauna & Flora, sun ɗaura kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu idan abu ya gitta. Sun kuma ajiye sheƙunan gwaji da ƙwai a cikin daji domin su ga wa zai zo. Sakamakon da suka fitar a farkon shekarun 2020 ya nuna birin mona na gaba-gaba a cikin masu fasa sheƙa. To ka ga biri ya yi kama da mutum.

Ka duba yadda abin yake ga tordo. Ɓera da tunku da dare suke fita, biri kuwa da rana yake yawo, cikin garke, yana da ido, yana da hannu, yana leƙa kowane kogo da kowane reshe. Tsuntsun da kakanninsa ba su taɓa sanin akwai wata halitta mai yatsu da ke hawa bishiya ba, ina zai koyi ɓoye sheƙa daga gare ta? Kuma maganin ba mai sauƙi ba ne. Birin ya shekara ɗaruruwa a tsibirin, wasu mutanen wurin suna farautarsa suna ci, dajin kuma ba wurin da za a bi lungu-lungu ba ne. In ka ce a ƙara tura mafarauta ciki su rage birai, ka tuna su wa muka ce suna ɗaukar tordo in guzuri ya ƙare.

Ba shi ne na farko ba a danginsa. A tsibirin Lord Howe na Ostireliya, jirgin ruwa mai suna Makambo ya yi karo da gaɓa a 1918, ɓeraye suka fito, cikin 'yan shekaru tordo na can ya zama tarihi. Na tsibirin Grand Cayman da ke yankin Karibiyan, ganin ƙarshe da aka yi masa a 1938 ne. A tsibirin Kauai na Hawai akwai wani ɗan'uwansu da ake kira kamao, wanda a ƙarshen ƙarni na 19 yana cikin tsuntsayen da suka fi yawa a dajin. Sauron da jirage suka kawo ya yaɗa musu zazzaɓin cizon sauro irin na tsuntsaye, daji kuma ya ragu. Tun 1989 ba a sake ganinsa ba, kuma a 2023 gwamnatin Amurka ta cire shi daga jerin waɗanda ake karewa, saboda babu sauran abin karewa.

Mai kama aku da ya koma mai gadin daji

An ayyana dajin kudancin Principe a matsayin gandun da doka ta kare a 2006, sannan a 2012 hukumar UNESCO ta sa tsibirin cikin jerin wuraren da ake son mutum da halittu su rayu tare ba tare da an ƙarar da ɗaya ba. Takarda dai takarda ce. Abin da ya fi burge ni mutum ne.

Sunansa Ceciliano do Bom Jesus, amma kowa Bikegila yake ce masa. Da can sana'arsa hawa dogayen bishiyoyi ya kwaso 'ya'yan aku, don haka ya san dajin nan kamar yunwar cikinsa. Shi ya ba masu bincike labarin wani tsuntsu da ya taɓa tararwa a kogon bishiya lokacin da yake neman aku. Ya shekara da shekaru yana yi musu jagora, har a 2016 aka samu hoton abin. Ashe wata 'yar ƙaramar mujiya ce da kimiyya ba ta san da ita ba. A 2022 aka bayyana ta a hukumance, aka sa mata Otus bikegila domin girmama shi. Ya bar kamun aku, ya koma aikin gadin gandun da jagorancin masu ziyara. Mujiyar nan kuwa a dajin da tordo yake take zaune, ita ma a ɗan wannan yanki kaɗai.

Ga inda maganar ta taɓo ka. Aku mai ruwan toka da jan wutsiya, wanda ake yi wa bidiyo yana sallama yana kiran sunan matar gida, ba tsuntsun dajin Arewa ba ne. Gidansa kurmi, daga kudancin Najeriya zuwa Kamaru da Kongo da tsibirai irin su Principe. Ba ina cewa wanda ka gani a keji a kasuwar garinku daga Principe aka kawo shi ba. Amma indai daga daji aka kamo shi, to wani ya kwana a kurmi kafin ya same shi, ya ci abin da ya samu a can, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake kamawa a hanya suke mutuwa kafin su kai kasuwa. A 2016, a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg, ƙasashen duniya suka haramta cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Duk bidiyon da ya yi tashe kuma, kai ma ka san abin da ke biyo baya a kwament: nawa ne, a ina zan samu, turo lamba. Haka ake yi da ɗan biri mai riga da wando. Shi ya sa manhajojin masu kallon tsuntsaye irin su eBird suke ɓoye ainihin wurin da aka ga wasu jinsunan da 'yan kasuwa ke farauta. Ke ma 'yar'uwa mai son a kawo miki aku kyautar zagayowar ranar haihuwa, da ke nake.

Ɗan'uwansa na bayan gidanku

Binciken ƙwayoyin gadon nan na 2010 ya nuna cewa dangin da ya fi kusa da tordo na tsibiran biyu a babban yankin Afirka shi ne wanda masana ke kira Turdus pelios. Kuma akwai yiwuwar ka sha ganinsa ba ka kula ba. In kana Jos ko Kaduna ko Zariya ko Abuja, leƙa lambu ko harabar makaranta mai manyan bishiyoyi da sassafe, musamman da damina. Tsuntsu ne mai ruwan toka da sirkin ƙasa-ƙasa, bakinsa rawaya, gefen cikinsa da ɗan ja-ja. Yana tsalle a kan ciyawa, ya tsaya, ya karkata kai, ya finciko tana daga ƙasa. Da asuba kuma yana daga cikin masu fara rera kuka, yana maimaita kowane sauti sau biyu ko uku kafin ya canza.

Kakanninsu ɗaya. Wasu daga cikinsu ne iska ta kwasa ta jefa tsakiyar teku tun kafin a san za a ƙera jirgin ruwa, sauran suka zauna nan tare da muzuru da maciji da mu.

In ka gan shi gobe da safe, gwada wani abu. Saita kyamarar wayarka, ka nufe shi a hankali, kana ƙirga takunka. Da wuya ya bari ka matso sosai kafin ya yi wata 'yar ƙara ya faɗa cikin duhuwar mangwaro, ya bar ka da bidiyon ciyawa.